Mindodin Kaka da Aka Tsinta a Adaka

Wani matashi daga Tudun Wada, nan Zariya, ya aiko da tambaya. Ya ce bayan rasuwar kakarsu sun buɗe adakarta, suka tarar da lambobin yabo guda huɗu na kakansu wanda aka ce ya je yaƙin Bama, biyu taurari, biyu masu zagaye kamar tsohon sule, an naɗe su a tsumma tare da wani ɗan littafi da ya fara ruɓewa. Sun yi baƙi, yana so ya wanke su. Ya gwada ɗaukarsu hoto, sai ƙyalli kawai yake gani. Wani kuma ya riga ya taya. Yana so ya san mene ne su, yadda zai adana su, kuma ko zai iya fara tara irinsu.

Ɗana, Allah ya jiƙan kakanninka, ya sa sun huta. Kafin komai, ajiye maganar wanki, ka kuma ce wa mai tayi ya dakata. Cikin duk abin da ka lissafa, wannan ɗan littafin da ka ambata a ƙarshe shi ya fi ɗauke mini hankali, kuma zan gaya maka dalili.

Tsofaffin sojoji minda suke kiran lambar yabo, ni ma haka na saba kira. Daga kwatancenka, taurarin nan biyu masu tsini shida-shida ne, na tagulla mai ruwan ɗorawa, kuma kowanne sunansa yana rubuce a zagayen da ke tsakiyarsa. Ɗaya zai zama Tauraron 1939 zuwa 1945, mai kintinkiri kala uku: shuɗi mai duhu, ja, da shuɗi mai haske. Ɗayan Tauraron Bama ne, jan layi mai faɗi a tsakiya, gefe da gefe shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo, wanda aka ba waɗanda suka yi yaƙi a can tsakanin 11 ga Disamba 1941 da 2 ga Satumba 1945. Masu zagayen kuwa, dubi kan Sarki Joji na shida. Wadda yake sanye da kambi, bayanta zaki ya taka wani dodo, ita ce mindar yaƙin gaba ɗaya. Wadda kansa ba kambi, bayanta zakuna biyu sun sa kambi a tsakiya, ita ce mindar tsaro, kintinkirinta kore da ruwan wuta da siraran baƙaƙen layuka. Su biyun ba azurfa ba ne, haɗin jan ƙarfe ne da nikel, kada wani ya ruɗe ka ko ya ruɗi kansa. Da kakanka yana cikin waɗanda aka fara kaiwa Somaliya da Habasha a 1940 da 1941, da ka ga na biyar, Tauraron Afirka, mai kintinkiri kalar rairayi.

To, juya su ka duba baya da gefe. Ba za ka ga suna ba. Ingila ba ta buga sunan kowa a irin waɗannan mindodin na Yaƙin Duniya na Biyu ba, haka aka raba su fayau, kuma an buga su da yawan gaske. Tauraron Bama na kakanka da na wani Bature daga Landan ba su da bambanci ko na ƙwayar gero. Abin da ya mai da naka na kakanka shi ne littafin sallamar nan, mai ɗauke da sunansa, da lambarsa ta soja wadda galibi take farawa da NA, da bataliyarsa, da ranar da ya shiga da ranar da aka sallame shi. Ranar da littafin ya rabu da mindodin, sun zama ƙarafa huɗu da ba su da mai su. Shi ya sa mai tayin nan, in ka lura, ba zai ba ka wani abin kirki a kan ƙarfen kaɗai ba. In kuwa ya san harkar, littafin zai fi nacewa a kai.

Lambar bataliya tana buɗe labari mai tsawo. Rundunoni biyu na Afirka ta Yamma aka kai Bama, ta 81 da ta 82. In ka sake laluben adakar, mai yiwuwa ka ga ɗan ƙyallen kafaɗa. Baƙin gizo-gizo a kan ɗorawa na runduna ta 81 ne, wadda ta ratsa kwarin kogin Kaladan a 1944. Mashi biyu gicciye a kan gammo, irin gammon da ake ɗaukar kaya, na ta 82 ne, wadda ta yi yaƙin Arakan. Su biyun suka haɗu wajen kama Myohaung a Janairun 1945. In kuwa littafin ya ce bataliya ta 6, ko ta 7, ko ta 12, to kakanka yana cikin birged ta uku da aka ware aka haɗa da dakarun Chindit na Janar Wingate, waɗanda aka jefa bayan layin Japanawa a 1944. Chindit ɗin nan shi ne sunan da barikin daffo na nan Zariya yake amsawa. Kullum muna wuce ƙofarsa a kan hanyarmu ta zuwa Sabon Gari, kaɗan ne cikinmu suka san daga wane daji sunan ya taso. Haka Dalet a Kaduna, da Dodan da Arakan a Legas, duk sunayen wuraren Bama ne.

Saboda haka aikin farko ba na hannu ba ne, na kunne ne. Je ka wurin gwaggwanninka da baffanninka da duk wani tsoho da ya zauna da shi a zaure, ka kunna rikoda a wayarka, ka bar su su yi ta magana. Wane gari aka ɗauke shi, da son ransa ya tafi ko hakimi ne ya ba da sunansa, ta Legas suka shiga jirgin ruwa, shekara nawa ya yi, da wane ciwo ya dawo, wace kalmar Indiyanci yake yawan faɗa. Ka nemi hotonsa da kaki in akwai. Wannan ba ya jira, domin masu labarin tafiya suke yi ɗaya bayan ɗaya.

Akwai kuma maganar gado, wadda masu tara kaya ba su cika son a taɓo ba. Mindodin nan ba naka ba ne kai kaɗai, na magada ne. Na san wani gida a cikin birni, wajen Ƙofar Doka, inda tsoho ya bar minda biyar, 'ya'yansa maza suka raba ɗaya-ɗaya don kowa ya sami abin tunawa, da kyakkyawar niyya. Bayan shekaru, da jikokin suka neme ni, biyu kawai aka iya samowa. Ɗaya yara sun yi wasa da ita ta ɓace, ɗaya an haɗa da tarkace an ba 'yan gwangwan, ɗaya ta tafi da mai ita wani gari, littafin sallamar kuwa gara ta cinye shi a saman azara, ba abin da ya rage sai bangon. Ku zauna ku yi shawara, a damƙa wa mutum guda amanarsu gaba ɗaya da yardar kowa, sauran a ba su hotuna masu kyau. Wannan ma wani dalili ne da ya sa hoton yake da muhimmanci.

Yanzu wanki. Na san abin da ke ranka, toka da lemun tsami, ko man goge ƙarfe, ko soson ƙarfe na wanke tukunya. Duk ukun suna cin fuskar minda, kuma abin da suka ci ba ya dawowa. Ni da kaina na yi wannan ɓarnar. Farkon shigata harkar na sami wata mindar azurfa ta Yaƙin Duniya na Ɗaya, mai mahayin doki a baya da shekarun 1914 da 1918, ta yi baƙi ƙirin. Na kai wa wani maƙerin farfaru ya gyara mini. Ya dawo da ita tana walƙiya kamar sabon cokali, ya bi gefenta da samfefa, rabin sunan sojan ya tafi. Haruffa uku na ƙarshen garinsa kawai nake iya karantawa, da lamba biyu cikin lambarsa. Mutumin nan ya je Kamaru ko Gabashin Afirka ya dawo, sunansa ya zauna a gefen azurfa shekara saba'in, ni na sa aka share shi da rana guda. Har yau tana nan wurina, kuma ban daina jin ciwon abin ba.

Duhun da ka gani rigar shekaru ce, masana ma sun fi son minda da ita. In ƙura ce, buroshi mai laushi irin na masu zane ya isa. In akwai maiƙo ko datti da ya daskare, ɗan auduga da ruwa mai tsabta da ɗigon sabulu marar ƙarfi, a kan ƙarfen kawai, kada ya taɓa kintinkiri, sannan ka busar da ita sarai. Abu ɗaya ne zai sa ka tashi tsaye: in ka ga wani kore-kore mai haske kamar gari yana tsirowa a jikin tagulla, ka kankare ya dawo, wannan ciwo ne mai cin ƙarfe, gishiri da danshi ke haddasa shi. Ware wannan mindar daga sauran, ka ajiye ta wuri busasshe, ka nemi masu adana kayan tarihi a gidan tarihi na Kaduna su duba maka. Kintinkirin kuwa, ko ya koɗe ko ya yage, kada ka yar. Shi ne wanda ya taɓa ƙirjin kakanka. Wasu mindodin za ka ga fuskar sarkin ta shafe sumul, wannan aikin mai su ne, goge su yake yi duk shekara zai fita faretin 'yan mazan jiya. Irin wannan shafewar ba aibi ba ce a wurina.

Wajen ajiya, abokan gabanka a Zariya sanannu ne: danshin Agusta, ƙurar hunturu, gara, da gumin hannu. Riƙe minda ta gefe, ko ka sa safar hannu. Kada ka ɗaure su da robar ɗaure kuɗi, tana da sinadarin da ke baƙanta azurfa, haka tsohuwar jarida da ulu. Ledar nan mai laushi mai wari ita ma tana barin kore mai danƙo in an daɗe. Naɗe kowace ita kaɗai a farin ƙyallen auduga wankakke, don kada su riƙa gogar juna, ka sa a akwati mai murfi, ka jefa ƙananan ƙunshin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. In ka sa a firam ka rataye inda rana ke bugu, cikin 'yan shekaru jan kintinkiri zai koma fari-fari.

Sai hoto. Dalilin ƙyallin da kake gani shi ne minda madubi ce, duk abin da ke gabanta shi take nunawa, har da filashar wayarka da farar rigarka. Kashe filasha, ka kashe ƙwan ɗaki. Nemi taga wadda rana ba ta shigowa kai tsaye, da hantsi ko bayan la'asar, ka rataya farin mayafi marar kauri a jikinta don hasken ya yi laushi. Shimfiɗa takarda ko ƙyalle mai ruwan toka marar sheƙi a kan tebur kusa da tagar. Na fi son ruwan toka a kan baƙi ko fari, domin baƙi yana sa waya ta ƙara haske har azurfa ta ƙone, fari kuma yana sa ta duhunta tagulla. Ajiye mindar yadda hasken zai zo mata ta gefe, ƙasa-ƙasa, yana shafar fuskarta. Hasken gefe shi ke fito da gashin zaki da haruffa, saboda kowane ɗan tudu yana yin inuwarsa. Ɗaya gefen zai yi duhu, sai ka tsayar da farin kwali a can ya mayar da haske. Ka riƙa matsar da kwalin kana kallon fuskar waya, za ka ga inuwar tana buɗewa tana rufewa, ka tsaya inda rubutu ya fi fitowa. In azurfar tana da sheƙi sosai har ta zama fari fat, sa baƙin kwali a maimakon farin, zai zana mata duhu a gefuna, siffar ta fito.

Kada ka riƙe wayar a hannu. Jera littattafai, ka ɗora ta a kai idonta yana leƙowa ƙasa, daidai saman mindar ba a karkace ba, in ba haka ba zagaye zai koma kamar ƙwai. Kada ka kusanto da ita sosai, ja baya kamar taƙi ɗaya ko fiye, ka yi amfani da ido mai jawowa sau biyu in wayarka tana da shi, wannan zai hana inuwar wayar faɗawa kan mindar. Goge idon kyamarar, taɓa tsakiyar mindar a fuskar waya ka riƙe har ta kulle, ka ɗan rage haske, sannan ka sa jinkirin daƙiƙa uku don kada taɓawarka ta girgiza hoton. In kyamara babba gare ka, ɗora ta a kan mai ƙafa uku, ISO 100, buɗewar ido f/8, sauran ka bar wa lokaci. Lokacin hunturu ka bi shimfiɗar da buroshi kafin kowane hoto, don ƙurar da idonka bai gani ba kyamara za ta gan ta kamar tsakuwa.

Kowace minda tana buƙatar gaba, da baya, da zoben da ya haɗa ta da kintinkiri, da hoto guda da rula a gefenta. Mai suna a gefe kuwa, tsayar da ita a tsagin ɗan soso, ka ɗauki rubutun kashi-kashi kana juya ta, kowane hoto ya haɗa da ƙarshen na bayansa don kada harafi ya faɗi a tsakani. Bayan haka ka jera su duka yadda ake rataya su, daga hagunka: Tauraron 1939 zuwa 1945, Tauraron Bama, mindar tsaro, mindar yaƙi, da littafin a buɗe a shafin suna. Wannan hoton shi ne shaidar cewa tare suke. Littafin ka ɗauke shi shafi-shafi, har da waɗanda kake ganin ba komai. Kada ka sa wa hotunan kwalliyar da ke sauya kala, domin kalar kintinkiri da ita ake gane minda. Sa wa kowane hoto suna mai ma'ana, ka ajiye a wuri biyu, in za ka tura wa dangi ta WhatsApp ka tura a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse shi ƙananan haruffa su dagule.

Game da fara tarawa, ina murna, don mu kaɗan ne. Shawarata ka zaɓi fage ƙarami ka san shi sosai, kuma babu fagen da ya fi kusa da kai kamar sojojin Arewa. Mindodin da suka gabaci yaƙin Hitila suna da suna, da lamba, da runduna a jikinsu, kuma Turawa sun saba rubuta soja da sunansa da na garinsu, da irin rubutunsu na Momadu da Garuba da Awudu, sai ka ga Kano ko Bauchi ko Zaria a biye. Da wannan lambar ana iya bin sawun mutum a rajistar mindodi da ke taskar tarihin Ingila a Kew, wanda ya mutu a fagen fama kuma a rajistar hukumar kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila, wadda ke buɗe a intanet kyauta. A gida akwai taskar tarihi ta ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, da tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa nan Zariya a 1939 kuma ta bi labarin yaƙin.

Wata rana za ka ci karo da mindar azurfa mai kintinkiri ɗorawa, baƙin gefe da siraran korayen layuka biyu, wadda aka ƙirƙiro a 1902 don yaƙe-yaƙen Afirka. A kan kintinkirin akwai ɗan ƙarfe gicciye mai sunan yaƙin. In ka ga an rubuta N. Nigeria 1903, ka san abin da ke hannunka. Daga nan Zariya Kanar Morland ya tashi da runduna a ƙarshen Janairun 1903, Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu, Sakkwato ranar 15 ga Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi a watan Yuli. Mai 1906 kuwa ta Satiru ce da Haɗeja. Sojojin da suka riƙe bindigogin da yawansu Hausawa ne. Ina da guda ɗaya, kuma duk lokacin da na fito da ita jikina yakan yi sanyi. Wani abokina ya ce shi ba zai kwana da irinta a ɗakinsa ba, na kuma fahimce shi. Ni dai ina ganin gara ta zauna a hannun wanda ya san Burmi, da ta tafi inda za a ɗauke ta kayan ado kawai.

Jabu sun yi yawa, musamman taurari da mindar sojojin Jamus da ake kira gicciyen ƙarfe. Sayi tabaron masu gyaran agogo, da maganaɗisu, da ma'aunin kaurin ƙarfe irin na makanikai. Mindodin Ingila da na ambata ba sa kama maganaɗisu. Na gaske buga su aka yi da inji, haruffansu tsaf. Na jabu galibi zubi ne, za ka ga ƙananan ramuka kamar fuskar soso, da ɗinki a gefe, da haruffa masu kumburi. Masu zagaye faɗinsu milimita 36 ne. Auna ta wurare da dama, in wani wajen ya gaza, an kankare sunan asali an buga wani. Ƙananan mindodin nan kamar na wasan yara ba jabu ba ne, hafsoshi ke sayensu don kayan liyafa, amma kada a sayar maka da su a kuɗin manya.

Kada ka raina na bayan mulkin kai: mindar 'yancin kai ta 1960 mai kore-fari-kore, ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta Kwango daga 1960 zuwa 1964, da na yaƙin basasa. Masu su wasu suna raye a Basawa da Sabon Gari da Samaru, za su ba ka labari da bakinsu. Lambobin girma na ƙasa irin su OFR da MON, waɗanda dokar 1964 ta kafa, suna da ruwan tangaran a fuska mai saurin tsagewa, a riƙe su da lallami. Ka kuma sani dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta hana fitar da kayan tarihi waje sai da izininta, don haka ka tambaye su kafin ka aika wa kowa tsohuwar minda.

Duk wadda ka saya, buɗe mata shafi a littafi: ranar da ta zo hannunka, daga wane gida ko wace kasuwa, me aka ce maka game da mai ita. In gidan tsohon soja ne suka kawo maka saboda matsi, ka gaya musu gaskiyar abin da ke hannunsu, ka biya su daidai, ka ba su hotunan. Naka kuwa, ka fara da littafin sallamar yau ɗin nan tun da sauran haske, shafin farko da na biyu, ka turo mini lambar bataliyar.